Faladiyam, Dillalin Oksijin

Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ne. Ba a haƙo shi daga ƙasa, ba a biyan kuɗin dakonsa, kuma idan ya gama aiki a cikin kwalbar masanin sinadarai, ruwa kaɗai yake bari a baya. Wanda ya san tulin dattin da masana'antun magani da na turare da na roba suke fitarwa zai ce ai ga mafita nan kyauta. Sai dai oksijin hali biyu gare shi, kuma babu wanda ya yi wa mai sana'a daɗi a cikinsu. Idan babu zafi, kwanciyarsa yake yi. Sukari zai shekara a buɗe cikin iska bai canja ba. Dalilin yana cikin ƙirarsa: ƙwayar oksijin tana ɗauke da elektaron biyu da ba su da abokan zama, su kuwa sinadaran da aka gina da kabon yawanci elektaron ɗinsu bibbiyu suke a haɗe, don haka jituwar ba ta zuwa da sauƙi. Idan kuma aka zuga shi da wuta ko tartsatsi, to bai san tsayawa ba, sai ya cinye komai ya mai da shi hayaƙi da tururi.

Abin da mai haɗa magani yake nema yana tsakanin waɗannan halaye biyu. Ga shi da ƙwayar sinadari mai atam talatin ko hamsin, wadda wataƙila an yi makonni ana gina ta, yana so a zare mata atam biyu na haidurojin daga wuri guda tak, a bar sauran jikinta yadda yake. Akwai mutanen da suka ƙware wajen sa oksijin ya yi wannan aiki ta hannun wani farin ƙarfe mai suna faladiyam, kuma a ganina gwanintarsu tana cikin mafi kyawun abin da ilimin sinadarai ya haifar daga tsakiyar ƙarnin da ya wuce zuwa yau.

Masana suna kiran aikin oksideshan, wato ƙwace wa sinadari elektaron, sau da yawa tare da haidurojin. Hawa-hawa ne. A ɗauki dangin alkohol, wanda a bakin masana ya haɗa duk sinadarin da oksijin da haidurojin suke maƙale a jikin kabon ɗinsa, ba abin sa maye kaɗai ba. In aka zare masa haidurojin biyu, ya zama aldihaid ko kiton, dangin da ƙamshin turaruka da yawa da ginshiƙan magunguna suke fitowa daga cikinsa. In aka ƙara mataki, aldihaid ya koma asid. In aka ci gaba, a ƙare a iskar kabon da ruwa. Kowane mataki yana fitar da zafi, ma'ana shi kansa sinadarin gaba yake son yi. Tsayar da shi a matakin farko, nan aikin yake.

An daɗe da sanin hanyoyin yin haka ba da iska ba. Akwai ruwan kuromiyam mai launin lemo da ke ɗauke da sunan Ewart Jones tun 1946, akwai famanganet mai launin shunayya, akwai hanyar Daniel Swern ta 1978 da ake yi cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba, tana fitar da wari mai hawa kai. Duk suna aiki, har gobe ana amfani da su. Aibinsu ɗaya ne: kowace ƙwaya da aka sarrafa sai ta ci nata kason na sinadarin, ya mutu, ya zama shara. Irin wannan kuromiyam ɗin kuma yana jawo cutar daji. Roger Sheldon, masani ɗan Ingila da ya yi aikinsa a Holan, ya nuna a farkon shekarun 1990 cewa a masana'antar magani, kilo ɗaya na abin da ake so yakan zo da kilo 25 zuwa sama da 100 na datti. Mafita ita ce katalis, wato sinadarin da ke tafiyar da aiki ba tare da ya ƙare ba, ɗan kaɗan ya yi ta juyawa sau ɗari, sau dubu.

Shi faladiyam William Hyde Wollaston ne ya ware shi daga ɗanyen filatinam a Landan a 1802, ya raɗa masa sunan Pallas, wani dutsen sararin samaniya da aka hango a wannan shekarar. Yawancinsa a yau daga Norilsk ta Rasha da duwatsun Bushveld na Afirka ta Kudu yake fitowa, kuma a watan Maris na 2022 farashin oza ɗaya, wato kimanin giram 31, ya haura dala 3,000. Mafi yawan abin da ake haƙowa cikin salansar motocin fetur yake tafiya, a shafa shi a jikin abin nan mai ƙananan ramuka da ke tace hayaƙi. Shi ya sa 'yan gwangwan suke nemansa ido rufe, shi ya sa kuma mai mota yake tsayawa a kan bakanike idan za a taɓa salansa. A can aikinsa ya ƙone ragowar fetur ƙurmus. Ƙarfen nan da ke ƙone komai a ƙarƙashin mota, shi ne aka koya wa ya ɗauki haidurojin biyu ya dakata.

Da hanci labarin ya soma. A 1956 kamfanin Wacker na Jamus yana yin sinadaransa ne daga asitilin, iskar nan da masu walda suke samu in sun zuba wa kabayid ruwa, shi kuwa kabayid yana cin wutar lantarki mai yawa kafin a yi shi. Ga kuma kamfanin Esso yana gina matatar mai a Kolon, kusa da wata masana'antar Wacker, matatar da za ta riƙa fitar da iskar etilin da araha. Sai aka ɗora wa ɗakin binciken kamfanin da ke Munik, ƙarƙashin Jürgen Smidt, aikin gano abin da za a yi da etilin. Ɗaya daga cikin masanan, Walter Hafner, ya tura etilin da oksijin ta kan gawayin da aka shafa wa faladiyam, yana neman wani sinadari dabam, sai ya ji ƙamshin asitaldihaid. Ɗan kaɗan ne, amma hancinsa ya san shi, kuma bai bar maganar ta wuce ba.

Asitaldihaid babban kaya ne a lokacin, domin daga shi ake yin asid ɗin asitik, wanda ke sa ruwan khal tsami, da wasu sinadarai da dama. Hanyar yinsa daga asitilin kuwa sai da zaiba. A cikin wannan shekara ta 1956 ne likitoci a Minamata ta Japan suka ba da rahoton wata baƙuwar cuta mai lalata jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, wadda daga baya aka tabbatar daga zaibar masana'antar Chisso ta fito: a can ana yin asitaldihaid ta tsohuwar hanya, ana zuba ruwan dattin a teku, kifi ya ɗauka, masunta da iyalansu su ci. Sai a 1968 aka daina. Duk lokacin da aka ce sauya katalis ƙaramar magana ce ta ɗakin gwaje-gwaje, Minamata ta isa amsa.

Abin da Hafner ya shaƙa ba sabo ba ne gaba ɗaya. Tun 1894 wani Ba'amurke, Francis Phillips, ya rubuta cewa idan aka busa etilin cikin ruwan gishirin faladiyam, asitaldihaid yana fitowa, faladiyam kuma ya faɗo ƙasan kwalba ya zama baƙin gari. Shekara sittin maganar tana kwance a mujalla, don babu mai hankalin da zai kashe ƙarfe mai tsada haka ya sami sinadari mai araha. Abin da mutanen Smidt suka ƙara shi ne gishirin jan ƙarfe, kuma da shi suka hana faladiyam faɗuwa.

Ga yadda abin yake tafiya. Faladiyam yanayi biyu gare shi a wannan aiki: mai yunwa, wanda ya rasa elektaron biyu, da ƙosasshe, wanda nasa suka cika. Mai yunwar ne yake kama etilin, ya riƙe shi ta yadda ruwa zai iya shigarsa, sannan ya juya haidurojin daga wannan kabon zuwa wancan, ya saki asitaldihaid, shi kuma ya tashi da elektaron biyu. To yanzu ya ƙoshi, ba ya iya komai, kuma in aka bar shi zai nemi 'yan'uwansa su dunƙule su koma ƙarfe. Kafin haka ta faru sai jan ƙarfe ya karɓe elektaron ɗin ya miƙa wa oksijin, oksijin ya haɗa su da haidurojin ya zama ruwa. Faladiyam ya koma cikin yunwarsa, ya kama etilin na gaba.

A lura da kyau, oksijin na iska bai taɓa etilin ba ko sau ɗaya. Atam ɗin oksijin da ke jikin asitaldihaid ma daga ruwa ya fito. Aikin dillali ne sak: mai kaya da mai saye ba su haɗu ba, ba su yi ciniki baki da baki ba, dillali ne ya ɗauko daga nan ya kai can, kuma shi ne ya san kayan da za a taɓa da wanda za a bari. Tunda oksijin ba ya kusantar sinadarin, ba shi da damar yin ɓarnar da ya saba. Zaɓin wurin da za a taɓa ya koma hannun faladiyam, shi kuwa faladiyam ana iya horar da shi. Jikin ɗan Adam ma a kan wannan tsari yake numfashi, domin elektaron da ake cirowa daga abinci hannu da hannu suke bi a cikin ƙwayoyin jiki, sai a ƙarshen layi suke isa ga oksijin.

Daga kwalba zuwa masana'anta an sha wuya. Tsarin farko, na tura iska ta kan busasshen katalis, ya ci tura domin katalis ɗin yana mutuwa da wuri. Aka koma na ruwa, sai ga shi ruwan yana cinye tukwane da famfuna, har sai da aka ƙera su da titaniyam, ƙarfen da a lokacin bai daɗe da shiga kasuwa ba. Kamfanin Hoechst ya shigo da tasa takardar mallakar fasaha, dole aka yi haɗin gwiwa. An kafa ƙaramar masana'antar gwaji a 1958, aka buga sakamakon a 1959, manyan masana'antu suka fara aiki a 1960, suna mai da kusan kashi 95 cikin 100 na etilin asitaldihaid. A shekarar 1960 ɗin ne Ilya Moiseev da abokan aikinsa a Mosko suka nuna cewa in aka sa asid ɗin asitik a madadin ruwa, binil asitet ake samu. Yau da faladiyam da zinariya ake yinsa, da oksijin, kuma shi ne asalin farin gam ɗin da kafinta ke haɗa katako da shi, da fentin ruwa da yawa da ake shafa wa bangon ɗaki. Richard Heck ma, wanda ya raba kyautar Nobel ta 2010 da Ei-ichi Negishi da Akira Suzuki a kan wani fannin na faladiyam, aikin Wacker ne ya ja hankalinsa ga ƙarfen, lokacin da abokin aikinsa Patrick Henry yake nazarinsa a kamfanin Hercules.

Amma abin da ya dace da etilin, mai kabon biyu kacal, bai dace da ƙwayar magani mai laushi ba. Jiro Tsuji na Japan ya gyara tsarin a shekarun 1970 yadda za a iya amfani da shi a kan manyan ƙwayoyi, sai dai jan ƙarfe da kulorin da ke cikin gishirinsa suna nan, kulorin kuwa yakan maƙale inda ba a gayyace shi ba. Tambayar da ta rage ita ce, shin oksijin zai iya karɓar elektaron kai tsaye daga hannun faladiyam, ba ɗan aike a tsakani? A 1998 amsoshi biyu suka fito, dukansu a kan alkohol. Richard Larock a jihar Iowa ta Amurka ya yi da ruwan narkarwa mai suna DMSO. Sakae Uemura da mutanensa a Jami'ar Kiyoto suka yi da ɗan firidin a cikin toluwin, a zafin digiri 80. Kayan aikin babu yawa: kwalba, abin motsawa, balan-balan cike da oksijin a ɗaure a baki, da atam 5 na faladiyam ga kowace ƙwaya 100 ta alkohol. Alkohol ya zama aldihaid, ya tsaya nan.

Wani lokaci ke nan. Wani lokacin kuma ruwan da yake rawaya garau sai ya fara dusashewa, ya yi toka-toka, sannan baƙin gari ya kwanta a ƙasa, ko wani siririn madubi ya shafe bangon kwalbar daga ciki. Baƙin faladiyam ake ce masa, kuma duk mai wannan sana'a ya san shi, ya san in ya bayyana aikin ranar ya ƙare. Shi ne garin da Phillips ya gani a 1894, ya dawo.

A nan ne aikin Shannon Stahl ya fi burge ni. Ya kafa ɗakin bincikensa a Jami'ar Wisconsin da ke Madison a 1999, kuma maimakon ya shiga tseren gwada sabbin haɗe-haɗe, sai ya zauna yana tambayar me ya sa waɗanda ake da su suke aiki, me kuma yake kashe su. Ɗalibansa suka rufe kwalba, suka haɗa ta da na'urar awon matsin iska, suna bin yadda oksijin yake raguwa daƙiƙa bayan daƙiƙa, su canja abu ɗaya, su sake aunawa. Aiki ne na haƙuri, ba shi da ƙyalƙyali, amma shi ya buɗe cikin al'amarin.

Abin da suka gano shi ne ƙosasshen faladiyam hanya biyu ce a gabansa, kuma wadda ta riga zuwa ita ke tafiya da shi. Ko ya gamu da oksijin ya koma bakin aiki, ko ya gamu da ɗan'uwansa su fara dunƙulewa. Dunƙulewa sai an sami faladiyam biyu sun haɗu, don haka yawansa a cikin ruwa yana gaggauta mutuwarsa fiye da yadda yake gaggauta aikinsa. Wanda bai sani ba, in ya ga aiki yana jan ƙafa, ƙara katalis zai yi, ya ƙara wa kansa asara. Gwani kuwa oksijin zai duba. Iskar nan ba ta narkewa sosai a ruwa, kuma idan faladiyam yana cin ta fiye da yadda take shiga daga sama, ruwan zai ƙare da ita alhali balan-balan yana nan cike. Saurin motsa ruwan, faɗin fuskarsa, girman kwalbar, matsin iskar, duk abubuwan da a da ba a cika rubuta su a rahoto ba, ashe su ne suke raba nasara da baƙin gari. Mutum biyu za su bi rubutu ɗaya, ɗaya ya samu, ɗaya ya rasa, kuma yanzu an san dalili.

Sai maganar firidin. Shi yana cikin sinadaran da ke maƙalewa a jikin ƙarfe su riƙe shi. Mu kira su mariƙa. Idan babu mariƙi, faladiyam yana cin alkohol da sauri, amma sau ɗaya, ya faɗi. Firidin ne yake tallafe shi a lokacin ƙoshinsa, ya hana shi dunƙulewa, ya kuma sauƙaƙa wa oksijin karɓar elektaron daga gare shi. To amma wurin zama huɗu ne kawai a jikin faladiyam, kuma kafin ya zare haidurojin daga alkohol sai ɗaya ya zama fili. Firidin in ya yi yawa, shi zai cike wuraren, aiki ya yi sanyi. Uemura ya tsaya a kan firidin huɗu ga kowane faladiyam ɗaya. Awon mutanen Stahl ya nuna da ƙasa da haka aka fi sauri, sai dai katalis ɗin ba ya daɗewa. Abin da ke taimakon rabin zagaye shi ne yake danne ɗaya rabin, kuma babu lissafin da zai ba ka amsa guda ga kowane sinadari. Sai an auna, sai an san wane mataki ne yake jan ƙafa a wannan haɗin, sannan a san ko a sassauta riƙo ko a ƙara. Wannan ita ce sana'ar, kuma ban san wata hanyar koyonta ba sai zama da kwalba.

A 2001 sun ma kama abin da hannu. Suka ɗaure ƙosasshen faladiyam da wani mariƙi mai ƙarfi, suka ba shi oksijin, suka sami ƙwayar da atam biyu na oksijin suke zaune a jikin ƙarfen, har suka daskarar da ita suka ga siffarta da hasken eksire. Da aka zuba mata asid sai ta saki haidurojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, faladiyam ya koma mai yunwa. A cikin aikin gaske feroksaid ɗin yakan rushe ya zama ruwa da oksijin. Abin da a da zato ne ya zama abin da aka gani.

Wasu sun bi ta wasu ƙofofin. Jan-Erling Bäckvall na Suwidin ya jera 'yan aike biyu tsakanin faladiyam da oksijin, kowanne yana karɓa daga na gabansa, yana kwaikwayon yadda jiki ke yi. Sheldon da Isabel Arends da Gerd-Jan ten Brink a Delft suka fito a 2000 da mariƙin da ke narkewa a ruwa, yadda za a yi aikin cikin ruwa da iska, a kwashe kayan da suka taso sama, a sake amfani da ruwan katalis ɗin. Na Kiyotomi Kaneda na Osaka ya fi ba ni mamaki, domin shi dunƙulewar da kowa ke gudu ya rungume ta. Ya ɗora faladiyam a kan irin ma'adinin da ke cikin ƙashi da haƙori, ya bar shi ya tattaru ƙanana-ƙanana ƙwarai, ma'adinin ya riƙe su kada su girma. A rahotonsa na 2004, kowane atam na faladiyam ya juya sau 236,000 a kan wani alkohol.

Hana katalis mutuwa rabin gwaninta ne. Ɗaya rabin shi ne koya masa zaɓe. Sinadarai da yawa suna zuwa da siffa biyu, ta dama da ta hagu, atam ɗinsu iri ɗaya, nauyinsu ɗaya, amma jikin mutum yana bambanta su, har ɗaya ta zama magani ɗayar ta zama banza ko cuta. A 2001 Matthew Sigman a Utah da Brian Stoltz a Caltech, kowanne a ɗakinsa, suka gano cewa idan aka riƙe faladiyam da sifatin, wani sinadari da ake samu daga tsiro wanda shi ma siffa ɗaya gare shi, zai fi saurin cin siffa ɗaya ta alkohol ya bar ɗayar. A zuba cakuɗe, a ba shi oksijin, a dawo a tarar an mai da rabi kiton, rabin da ake so yana nan tsaf.

Ko a ɗauki gilisarin, wanda ke fita da yawa wajen yin sabulu da man dizal na tsiro. Kabon uku ne a jere, kowanne da hannunsa na alkohol, biyu a gefe ɗaya a tsakiya. Robert Waymouth na Jami'ar Stanford ya nuna a 2010 cewa faladiyam da aka riƙe da niyokuforin yana tsallake na gefe ya taɓa na tsakiya, ba tare da an rufe sauran an kare su ba, ba kuma da zafi ba. Wanda ya taɓa ganin yawan matakan rufewa da buɗewa da akan yi don a kai ga hannu ɗaya cikin uku zai san darajar wannan. Katalis ɗin yana da rauninsa, domin in da iska ake aikin, ɓurɓushin feroksaid yakan juyo ya cinye mariƙin kansa. Mutanen Waymouth ba su ɓoye ba; sun bi sawun mutuwar har suka gano inda ake cizon, daga baya suka nuna cewa ƙara sinadaran finol masu tare irin wannan ɓarna yana tsawaita ransa.

Akwai kuma abin da ba a wasa da shi. Oksijin tsantsa a kan ruwan narkarwa mai kama wuta, ga zafi, ga ƙarfen da ke iya ta da gobara, wannan a ƙaramar kwalba ma sai da hattara, balle a tukunyar masana'anta mai lita dubbai. Wannan tsoro ne ya sa kamfanonin magani suka daɗe suna kallon fasahar daga nesa, kuma suna da gaskiya. Kowane ruwan narkarwa yana da iyakar oksijin da in an yi ƙasa da ita tururinsa ba ya kamawa ko an kawo tartsatsi. Sai aka koma tsarma oksijin da naitirojin har ya yi ƙasa da kashi 10 cikin 100, a ƙara matsi don ya shiga ruwan yadda faladiyam ba zai rasa shi ba, a kuma bar tukunya a koma dogon siririn bututu da ruwa da iska suke gudana tare, kaɗan-kaɗan a kowane lokaci. Ɗakin Stahl da masanan kamfanin Eli Lilly sun buga irin wannan aiki a 2010, har suka kai ma'aunin kilo. Ilimin da aka samu daga awon matsin iska a ƙaramar kwalba shi ne ya faɗa musu yawan oksijin da ba za a yi ƙasa da shi ba.

Ba kowane aiki ne faladiyam ya fi kowa ba, kuma masu sana'ar ne suka fara faɗin haka. Sinadaran da ke da naitirojin ko farar wuta sukan maƙale masa su toshe wuraren zamansa, magunguna kuwa cike suke da irin waɗannan. A 2011 Stahl da Jessica Hoover suka fito da katalis na jan ƙarfe wanda a wajen mai da alkohol aldihaid ya fi na faladiyam sauƙi da araha, yana aiki da iskar ɗaki, kuma da yawa sun koma kansa. Inda faladiyam ya riƙe gidansa shi ne wuraren da sai an kama kabon kansa: aikin Wacker da 'ya'yansa, zare haidurojin daga zoben kabon a mai da shi finol kamar yadda ɗakin Stahl ya nuna a 2011 ɗin, da ɗinke zobe biyu wuri guda. Wannan na ƙarshe kamfanin Ube na Japan ya daɗe yana yinsa a masana'anta: faladiyam ya zare haidurojin ɗaya daga kowane zobe na wani sinadarin fitalet ya haɗa su, iska ta karɓi elektaron, mariƙin finantorolin kuma ya sa ɗinkin ya faɗa daidai kusurwar da ake so ba ta kusa da ita ba. Daga abin da ya fito ake yin wata siririyar leda mai jure zafi ƙwarai, irin wadda ake shimfiɗa wayoyin lantarki masu lanƙwasa a kanta a cikin na'urori.